Shin Ko Kun San? Dukawa, Masassaƙa da Sauran Jagororin Jam'iyyar SPD ta Jamus

Shin ko kun san cewa shugaban ƙasa na farko a tarihin Jamus baduku ne? Friedrich Ebert ɗan wani tela ne a garin Heidelberg. Ɗinkin sirdi da linzami ya koya, da wannan sana'a ya yi yawon neman abinci gari-gari kafin siyasa ta ɗauke shi. A Fabrairun 1919 aka zaɓe shi, wata uku bayan Sarki Wilhelm na Biyu ya sauka daga gadon sarauta ya tsere Holan. Masu sarauta da manyan hafsoshin soja ba su taɓa yafe masa asalinsa ba. Suka yi ta zaginsa a jaridu, shi kuma yana ta zaryar kotu don wanke sunansa. Saboda wata shari'a da ta faro a Magdeburg, inda aka jefe shi da cin amanar ƙasa, ya yi ta ɗage zuwa asibiti alhali ciwon ciki na cinsa, har hanji ya ɓaci. Ya rasu ranar 28 ga Fabrairun 1925 yana da shekara 54. Wanda ake ce wa maci amanar nan, 'ya'yansa maza biyu sun mutu a fagen yaƙin duniya na farko. Gidauniyar Friedrich Ebert da 'yan ƙungiyoyin ƙwadago suka sani a Abuja da Accra, sunansa ta ci.

Jam'iyyarsa, SPD, ita ce mafi tsufa a Jamus, har wasu kan kira ta tsohuwar gwaggo. Tana ƙirga shekarunta daga 23 ga Mayun 1863, ranar da Ferdinand Lassalle ya kafa ƙungiyar ma'aikata a Leipzig. Shin ko kun san bai ci moriyarta ba? Shekara guda kacal bayan haka aka harbe shi a wani fito-na-fito da bindiga kan wata budurwa, kusa da Geneva. Shekararsa 39.

August Bebel, wanda ya riƙe jam'iyyar har ta yi ƙarfi, masassaƙi ne. A 1872 aka yanke masa ɗaurin shekara biyu tare da abokinsa Wilhelm Liebknecht, bayan sun yi adawa da yaƙi da Faransa da ƙwace yankin Alsace da Lorraine. Shugaban gwamnati Bismarck ya haramta ayyukan 'yan gurguzu daga 1878 zuwa 1890, ya rufe jaridunsu, ya kori wasu daga garuruwansu, amma ƙuri'unsu sai ƙaruwa suke. A 1912 suka zama jam'iyya mafi yawan kujeru a majalisa, kujera 110. Abin da ya fi ƙara mini ganin girman Bebel shi ne, a zamanin da tutar Jamus ke kaɗawa a Kamaru da Togo, ya miƙe a majalisa a 1896 ya tona asirin Carl Peters, jami'in mulkin mallaka da ya rataye 'yan Afirka a gabashin nahiyar, sannan ya soki yaƙin ƙare dangi da aka yi wa 'yan ƙabilar Herero a ƙasar da yau ake kira Namibiya.

Akwai tabo, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Shekara ɗaya bayan rasuwar Bebel, ranar 4 ga Agustan 1914, wakilan SPD suka amince a ba Sarki kuɗin yaƙi. A watan Disamba, Karl Liebknecht, ɗan Wilhelm, shi kaɗai ya kaɗa ƙuri'ar ƙi. A Janairun 1919 kuwa Gustav Noske na SPD, wanda saƙar kwando ya koya yana yaro, ya saki tsofaffin sojoji kan masu bore a Berlin. Su ne suka kashe Karl Liebknecht da Rosa Luxemburg ranar 15 ga watan. Har yau masu ra'ayin gurguzu a Jamus ba su daina goranta wa SPD wannan jini ba.

Shin ko kun san ta taga aka yi shelar Jamhuriyar Jamus? Philipp Scheidemann, tsohon mai jera haruffa a maɗaba'a, shi ya leƙo daga ginin majalisa ranar 9 ga Nuwamban 1918 ya sanar da taron jama'a. Ebert ya yi fushi, don ba a shawarce shi ba. Marie Juchacz ta SPD, mace ta farko da ta yi jawabi a majalisar ƙasar (ranar 19 ga Fabrairun 1919), a baya ta yi aikatau, ta yi aikin masana'anta, ta yi ɗinki.

Mu dakata kaɗan a kan 23 ga Maris na 1933. An ƙona ginin majalisa, don haka aka zauna a gidan wasan Kroll. Hitler na neman dokar da za ta ba shi ikon yin mulki ba tare da majalisa ba. An riga an kame wakilan 'yan kwaminis ko an fatattake su. 'Yan dabar Nazi sanye da kaki suka cika ƙofofi da lungunan zauren suna ihu. SPD na da kujera 120, amma 26 suna tsare ko sun ɓuya. Shugabanta Otto Wels, wanda ɗinkin kujerun kushin ne sana'arsa ta asali, ya tashi ya je gaban zaure, Hitler na zaune yana kallonsa, ya ce za a iya raba su da 'yanci, za a iya raba su da rai, amma ba za a raba su da mutunci ba. Aka kaɗa ƙuri'a: 444 suka amince, 94 suka ƙi, kuma dukan 94 ɗin 'yan SPD ne. Babu wata jam'iyya da ta mara musu baya. A watan Yuni aka haramta jam'iyyar. Wels ya mutu yana gudun hijira a Paris a 1939. Duk lokacin da na ga 'yan majalisa a ko'ina suna ɗaga hannu don tsoron mai mulki, waɗannan 94 nake tunawa.

Shin ko kun san wanda ya sake gina jam'iyyar bayan yaƙi hannu ɗaya da ƙafa ɗaya gare shi? Kurt Schumacher ya rasa hannun dama a yaƙin 1914, ya yi kusan shekara goma a sansanonin gwale-gwale na 'yan Nazi, ciki har da Dachau, aka kuma yanke masa ƙafar hagu a 1948. A hotunan lokacin za ka ga dogon mutum ramamme, hannun riga ɗaya babu kowa ciki, ya jingina da kafaɗar sakatariyarsa. Wannan sakatariya, Annemarie Renger, ita ta zama mace ta farko da ta shugabanci majalisar Bundestag a 1972.

Willy Brandt ba sunansa na yanka ba ne. Herbert Frahm aka raɗa masa a Lübeck a 1913, kuma bai taɓa haɗuwa da mahaifinsa ba. Ya ari sabon suna ne don ɓuya daga 'yan Nazi, ya tsere Norway a 1933, aka ƙwace masa shaidar zama ɗan ƙasa a 1938. Da ya dawo ya fito takara, abokan hamayya, har da dattijo Konrad Adenauer, suka yi masa gorin haihuwa da gorin suna a bainar jama'a. Shi ne magajin garin Berlin ta Yamma lokacin da aka gina katanga a 1961, ya zama shugaban gwamnati a 1969. Ranar 7 ga Disamban 1970, a Warsaw, ya ajiye furanni a gaban dutsen tunawa da Yahudawan da 'yan Nazi suka hallaka, ya gyara ƙyallen da ke jikin furannin, ya ja da baya, sai kawai ya zube a kan gwiwoyinsa bisa daɓen dutse mai danshi, bai ce uffan ba. Ba ya cikin tsarin ziyarar. Mutumin da ba shi da hannu a ta'asar shi ya durƙusa a madadin masu hannu. A 1971 aka ba shi lambar Nobel ta zaman lafiya, a 1972 jam'iyyarsa ta sami kashi 45.8 cikin ɗari, mafi yawa a tarihinta. A 1974 ya yi murabus bayan an gano cewa hadiminsa Günter Guillaume ɗan leƙen asirin Jamus ta Gabas ne. Bai yi ritaya ba: shi ya jagoranci kwamitin da ya fitar da rahoton 1980 kan giɓin da ke tsakanin ƙasashe masu arziki na arewacin duniya da matalauta na kudu.

Helmut Schmidt da ya gaje shi ya yi suna ne tun ambaliyar Hamburg ta 1962, inda ya kira sojoji aikin ceto ba tare da jiran izini ba. A zamaninsa aka ceto fasinjojin jirgin Lufthansa da aka sace zuwa Mogadishu a 1977, a 1978 kuma ya ziyarci Najeriya lokacin mulkin Janar Obasanjo. Shin ko kun san ya yi shekara takwas yana shugaban gwamnati bai taɓa zama shugaban jam'iyya ba? Brandt ne ya riƙe wannan kujera shekara 23, daga 1964 zuwa 1987.

Tun da Brandt ya sauka, kujerar ta zama ta zafi. Fiye da mutum goma sun hau sun sauka. Oskar Lafontaine, wanda wata mata ta daɓa wa wuƙa a wuya wajen yaƙin neman zaɓe a 1990, ya watsar da ita tare da muƙamin ministan kuɗi rana ɗaya a Maris na 1999. Martin Schulz, tsohon mai shagon sayar da littattafai, ya sami ƙuri'a ɗari bisa ɗari a 2017, bai cika shekara ba ya sauka. Sai da jam'iyyar ta kai shekara 155 kafin mace ta shugabance ta, Andrea Nahles a 2018, ita ma shekara ɗaya da 'yan makonni ta yi.

Labarin Gerhard Schröder yana ba ni takaici. Maraya ne, mahaifinsa ya mutu a yaƙi a 1944 yana jariri, mahaifiyarsa da shara da goge-goge ta raine shi. Ya yi yaron shago, ya yi karatun dare har ya zama lauya, ya zama shugaban gwamnati a 1998, ya ƙi tura soja yaƙin Iraƙi a 2003 duk da matsin Amurka. Amma shi ne ya rage tallafin marasa aikin yi, abin da ya kori ɗimbin ma'aikata daga jam'iyyar, kuma yana barin mulki a 2005 ya karɓi muƙami a kamfanin bututun gas na Nord Stream, daga baya a kamfanin mai na Rosneft na Rasha. A 2022 majalisa ta janye masa ofis da ma'aikatan da ake ba tsofaffin shugabanni.

Shin ko kun san 'yan jam'iyya sun kayar da Olaf Scholz a takarar shugabancinta a 2019, shekara biyu kafin ya zama shugaban gwamnati? Shi ne ya ziyarci Nijar a Mayun 2022, ya je wajen sojojin Jamus a Tillia, ya gana da Shugaba Bazoum a Yamai, a Oktoban 2023 kuma ya sauka Abuja. Frank-Walter Steinmeier, ɗan kafinta, wanda aka zaɓa shugaban ƙasa a 2017 da 2022, ya jingine siyasa na ɗan lokaci a 2010 ya ba matarsa ƙodarsa ɗaya.

Akwai kuma masu asali daga waje: Karamba Diaby, haifaffen Senegal, masanin haɗa sinadarai, ya shiga Bundestag a 2013 daga garin Halle a ƙarƙashin SPD. An harbi tagar ofishinsa a 2020, an cinna wa ofishin wuta a 2023. Aydan Özoğuz, Musulma 'yar asalin Turkiyya, ta zama mataimakiyar shugabar majalisar a 2021.

A zaɓen Fabrairun 2025 jam'iyyar ta faɗo zuwa kashi 16.4, mafi muni tun kafuwar Tarayyar Jamus. Lars Klingbeil ya zama mataimakin shugaban gwamnati kuma ministan kuɗi a gwamnatin Friedrich Merz, Boris Pistorius ya ci gaba da riƙe ma'aikatar tsaro. A watan Yuni aka zaɓi Bärbel Bas ta shugabanci jam'iyyar tare da Klingbeil. 'Yar direban bas ce daga Duisburg, garin masana'antun ƙarfe, ba ta je jami'a ba, ta kuma koyi walda tana budurwa kafin ta sami aikin ofis a kamfanin sufurin garinsu.