Wanka a teku: ruwa mai ja da halitta mai harbi

Ƙasarmu Nijar ba ta da teku. Amma kowace shekara dubban ƴan'uwanmu daga Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai sukan gangara kudu don ci-rani ko fatauci ko karatu. Wasu suna Kwatano ko Lome, wasu suna Akara, Abijan ko Legas. Duk waɗannan birane a bakin tekun Atlantika suke. Ranar hutu ko ranar salla, abokai sukan ce a tafi bakin ruwa a sha iska. Idan kai ma kana shirin wannan tafiya, ko kana da ɗa ko ƙane a can, karanta wannan bayani a hankali, sannan ka gaya wa wasu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane kusan 300,000 suka mutu ta hanyar nutsewa a ruwa a shekarar 2021. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne ƴan ƙasa da shekara biyar. Saboda girman wannan asara, Majalisar Ɗinkin Duniya a shekarar 2021 ta keɓe ranar 25 ga Yuli ta kowace shekara don faɗakarwa kan hana nutsewa.

Teku ba tabki ba ne

Wataƙila ka iya iyo tun kana yaro, a tabkin Madarunfa, ko na Tabalak, ko a kogin Isa. Wannan iyawa tana da amfani, amma ba ta isa ba. Ruwan tabki a kwance yake. Ruwan kogi yana bin hanya ɗaya, kana ganin inda ya nufa. Teku kuwa yana zuwa yana komawa dare da rana, ba ya hutawa.

A gaɓar Benin, Togo, Gana da Kodebuwa, igiyoyin ruwa suna tasowa ne daga can nesa a kudancin Atlantika. Suna isowa da ƙarfi, su fashe dab da yashi. A wurare da yawa ƙasan ruwan gangare ne: taku biyu ko uku ruwa yana gwiwa, taku na gaba ya kai ƙirji. Igiya ɗaya tana iya kayar da ƙato, ta buga kansa da yashi. Teku ya fi hauka a watannin damina, tun daga wajen Yuni har zuwa Satumba. Haka kuma ruwan yana cika yana janyewa sau biyu a yini da dare, saboda haka wurin da ka tsaya da safe ba shi ne za ka tarar da yamma ba.

Mene ne ruwa mai ja?

Za ka ji mutanen bakin teku suna cewa iskokin ruwa ne suke ɗauke mutane. Ga abin da masana suka gano. Igiyoyi suna tura ruwa mai yawa zuwa gaɓa. Dole ruwan nan ya koma inda ya fito. Sai ya nemi wuri mai kwari tsakanin tudun yashi biyu da ke ƙarƙashin ruwa, ya bi ta nan da gudu, kamar yadda ruwan sama yake bin kwalbati. Wannan shi ne muke kira ruwa mai ja. Ya zama kamar ƙaramin kogi a cikin teku, wanda ya juya wa gaɓa baya.

Sau da yawa faɗinsa ba ya wuce mita 25. Amma gudunsa yana iya kaiwa mita biyu da rabi a daƙiƙa ɗaya. Ko gwanin iyo na gasar duniya ba ya iya cin ƙarfinsa a irin wannan gudu.

Babban haɗarinsa shi ne yaudara. Inda yake, igiyoyi ba su cika fashewa ba, sai wurin ya yi kamar ya lafa. Baƙo sai ya ce ga wuri mai sauƙi, ya shiga. Kafin ka taɓa ruwa, hau tudu ka duba na ɗan lokaci. Ga alamunsa:

• Wani yanki da ya yi shiru tsakanin igiyoyi masu farin kumfa, dama da hagu.
• Ruwan wurin ya fi na gefensa duhu, ko ya yi launin ƙasa saboda yashin da ya kwasa.
• Kumfa, ciyawa ko leda suna tafiya a jere zuwa cikin teku.
• Ana yawan samunsa kusa da duwatsun da aka jera don kare gaɓa, da kusa da ƙafafun gada.

Idan ruwa mai ja ya kama ka

Riƙe wannan magana da kyau: ruwa mai ja ba ya danna mutum ƙasa, nesa da gaɓa kawai yake kai shi. Abin da yake kashe mutum shi ne firgita da gajiya. Mutum yana ganin gaɓa tana nisa, sai ya yi ta kokawa don ya koma ta inda ya fito, har ƙarfinsa ya ƙare.

1. Kada ka yi kokawa da shi. Kwanta rigingine a kan ruwa, ka buɗe hannuwa da ƙafafu, ka yi numfashi a hankali. Ruwan gishiri ya fi ruwan tabki ɗaukar jiki.
2. Ɗaga hannu ɗaya, ka yi kira da ƙarfi don a gan ka.
3. Idan kana da ƙarfi, yi iyo ta gefe, wato ka bi tsawon gaɓa zuwa inda igiyoyi suke fashewa. Da ka ji jan ya sake ka, sai ka karkata zuwa gaɓa, igiyoyi za su taimaka maka.
4. Idan ka gaji, ci gaba da kwanciya a kan ruwa. Ƙarfinsa yana raguwa bayan an wuce inda igiyoyi suke fashewa.

Idan wani ne ruwa ya ja

Zuciya za ta ce maka ka faɗa ka ceto shi. Kada ka bi ta. Sau da yawa mai ceto ne yake mutuwa, ko kuma a rasa su duka biyu, domin wanda yake nutsewa yakan ƙanƙame duk wanda ya matso. Yi kururuwa, ka kira masu ceto ko masunta. Jefa masa abin da ba ya nutsewa, kamar jarka marar komai da aka rufe bakinta, ko igiya. Lambar ƴan kwana-kwana ita ce 118 a Benin da Togo, 180 a Kodebuwa. A Gana ana kiran 112.

Idan an fito da shi, duba ko yana numfashi. In yana yi, kwantar da shi a gefe ɗaya, ka rufe shi da zane busasshe. In ba ya yi, ɗaga haɓarsa, ka toshe hancinsa, ka hura masa iska a baki sau 5. Sannan ka danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi sau 30, ka hura sau 2, ka yi ta maimaitawa har taimako ya iso. Kada ka danna cikinsa, kada kuma ka juya shi kai ƙasa don fitar da ruwa. Ko da ya farfaɗo ya ce lafiyarsa lau, kai shi asibiti, domin ruwan da ya shiga huhu yana iya tayar da ciwo bayan wasu sa'o'i.

Halitta mai harbi

Akwai wata halitta a teku da ba mu da sunanta a Hausa. Da Faransanci ana ce mata meduz, da Ingilishi jelifish. Ba kifi ba ce. Ba ta da ƙashi, ba ta da zuciya, ba ta da ƙwaƙwalwa. Kusan kashi 95 cikin ɗari na jikinta ruwa ne. Siffarta kamar lema, ga wasu zaruruwa suna reto a ƙarƙashinta. A cikin ruwa za ka ɗauka farar leda ce take yawo.

A jikin zaruruwan akwai dubban ƙananan ƙayoyi masu dafi da ido ba ya gani. Da sun taɓa fata sai su harba. Wurin yakan yi zafi kamar ƙuna, ya yi ja, ya tashi kamar shatar bulala.

Meduz ba ta da ƙarfin iyo sosai. Iska da igiyoyi ne suke kai ta inda suka ga dama. Shi ya sa idan teku ya yi hauka, ko bayan iska mai ƙarfi, ake samunsu da yawa kusa da gaɓa da kan yashi. Igiyoyi kuma sukan tsinka zaruruwan, guntayen su yi ta yawo suna harbi ba tare da an gan su ba.

Tana da wata ƴar'uwa da ake kira fizali, wadda ake samu a ruwa mai ɗumi na Atlantika. Tana kama da ƴar balan-balan shuɗiya da aka hura, tana yawo a saman ruwa. Zaruruwanta sukan kai mita 10, wani lokaci har 30. Kyanta yana jan hankalin yara. Gargaɗe su: ko ta mutu, ko ta bushe a kan yashi, tana harbi. Irin da ta fi kowace kisa, mai siffar akwati, ta fi yawa a arewacin Ostareliya da tekunan kudu maso gabashin Asiya. Yawancin harbin da ake samu a gaɓar Afirka ta Yamma zafi ne mai wucewa.

Idan ta harbe ka

1. Fito daga ruwa nan take, domin zafi yana iya hana ka iyo.
2. Wanke wurin da ruwan teku. Kada ka fara zuba ruwan sha, domin yana sa sauran ƙayoyin su harba.
3. Cire zaruruwan da suka manne da matsefata ko gefen kati mai tauri. Kada ka sa hannu tsirara.
4. Bayan haka, tsoma wurin cikin ruwan zafi daidai yadda fata za ta iya jurewa ba tare da ƙuna ba, na tsawon minti 30 ko fiye. Zafi yana rage ƙarfin dafin. A fara gwada ruwan da hannu mai lafiya.
5. Sha farasitamol idan ciwon ya yi yawa.

Kada ka murza wurin, kada ka goge shi da yashi ko zane. Kada ka zuba fitsari, fetur ko giya. Binegar yana amfani ga wasu iri, amma yana ƙara harbin wasu, don haka bi shawarar ma'aikatan lafiya na wurin.

Garzaya asibiti idan numfashi ya yi wuya, ko ƙirji yana ciwo, ko fuska da leɓe sun kumbura, ko ana amai ko jiri. Haka nan idan harbin a ido ne ko a baki, ko ya kama wuri mai faɗi, ko kuma ƙaramin yaro ne aka harba.

Kafin ka shiga ruwa

Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Masunta sun san ruwansu kamar yadda ka san gonarka. Tambaye su, kuma idan sun ce yau ba a shiga, kada ka shiga. Yawancin gaɓoɓin yankin ba su da masu ceto. Inda aka kafa tuta, ja tana nufin an hana wanka.

• Kada ka shiga kai kaɗai, ko da dare, ko bayan shan abin maye.
• In ba ka iya iyo ba, kada ruwa ya wuce idon sawunka, kada kuma ka juya wa teku baya.
• Babbar riga da dogon zane suna yin nauyi in sun jiƙe, suna ɗaure ƙafa.
• Yaro ya kasance inda hannunka zai kai gare shi. Mai nutsewa ba ya iya ihu, a shiru abin yake faruwa.
• Kada zugar abokai ko son ɗaukar hoto su kai ka inda ba ka sani ba.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Me ya sa wurin da ya yi shiru a teku yake iya zama mafi haɗari?
2. Ta wane gefe za ka yi iyo idan ruwa mai ja ya kama ka?
3. Da wane ruwa ake fara wanke harbin meduz?
4. Wane ne cikin danginku yake zaune a bakin teku, kuma yaya za ku isar masa da wannan bayani?