Jar Ƙurar Tama Da Huhun Mahaƙa

Ku sani, ya ku masu karatu, a ƙasar Kambalan, arewa maso yammacin Ingila, a da an daɗe ana haƙar jar tama a ƙarƙashin ƙasa. Da aka kawo injin huda dutse, aka riƙa huda a bushe, sai ƙura ta turnuƙe ramuka. Mahaƙa suka kamu da tari da haki, da yawansu tarin fuka ya ƙarasa su.

A shekarar 1934 likitoci biyu, Stewart da Faulds, suka bayyana abin da suka gani a huhun mamatan: ya rine ja, ya taurare. Amma ƙurar ƙarfen ba ita ce babbar mai laifi ba. Gauraye da ita akwai silika, watau garin dutse mai kaifi. Ita ke kafewa cikin huhu ta bar tabo, tabon kuwa ba ya warkewa har abada.

A 1970 kuma, Richard Doll da abokan aikinsa suka bi lissafin mace-macen yankin daga 1948 zuwa 1967. Suka tarar ciwon dajin huhu ya kashe masu aiki cikin rami fiye da yadda ya kashe sauran mutane da misalin kashi 70 cikin 100. Aka tuhumi radon, wata iska mai fita daga dutse, ba launi, ba wari.

Kariyar da aka samo kuwa ba boyayya ba ce: ruwa a bakin injin don ƙura ta kwanta, da fankoki masu kora sabuwar iska cikin rami. Mai ramin da ya hana mahaƙansa waɗannan biyu, numfashinsu yake sayarwa tare da tamarsa.