Sauye-sauyen manhajojin podkas da abin da suke nufi ga masu shiri da Hausa a Kontagora

Malamin da ke son karatunsa ya wuce zauren gidansa a Kontagora, ko ɗalibin Jami'ar Ilimi ta Tarayya da ke garin mai sha'awar shirya hira, ba ya bukatar lasisin gidan rediyo. Wayar hannu da manhajar wallafa podkas, wato shirin sauti da ake saurare ta intanet a duk lokacin da aka ga dama, sun wadatar. Sai dai manhajojin sun sauya ƙwarai a 'yan shekarun nan, kuma ba kowane sauyi ne ya zo wa mai shiri da Hausa da alheri ba.

Manhajar Anchor, wadda da yawa suka fara da ita saboda kyauta ce, kamfanin Spotify ya saye ta a 2019, ya sauya mata suna sau biyu, yanzu ana kiran ta Spotify for Creators. A watan Yunin 2024 aka cire mata sashen naɗar murya da gyara ta, aka tura masu shiri zuwa Riverside. Wannan ya ƙara wa mai shiri wahala, amma akwai riba a ciki: Riverside tana naɗar muryar kowane mai magana a kan na'urarsa, daga baya ta ɗora. Idan sabis ya yanke ana tsakiyar hira da baƙo daga Minna ko Rijau, muryar ba ta lalacewa.

A shekarar ce kuma Google ya rufe Google Podcasts, ya mayar da masu sauraro YouTube Music. Shirye-shiryen ba su ɓace ba, domin kowane podkas yana da adireshi guda da ake kira RSS, wanda daga gare shi dukkan manhajojin sauraro ke ɗauko sababbin shirye-shirye. Yanzu YouTube yana karɓar wannan adireshi, ya haɗa sautin da hoto, ya fitar da shi a matsayin bidiyo. Ga Arewacin Najeriya, inda YouTube ya fi Spotify shahara, wannan ne sauyin da ya fi amfani.

Abin da kamfanonin suka fi tallatawa, wato mayar da magana rubutu kai tsaye, shi ne wanda Bahaushe bai ci moriyarsa sosai ba. Apple ya ƙaddamar da nasa a watan Maris na 2024 da Turanci da Faransanci da Jamusanci da Sifaniyanci. Manhajar Whisper ta kamfanin OpenAI, wadda ta fito a 2022, ta sa Hausa cikin harsunanta, amma kurakuranta suna da yawa. Dalilin a fili yake: sautin Hausa da aka horar da ita da shi kaɗan ne, ga kuma karin sauti da tsawon wasali da rubutu ba ya nunawa. Na'urar da ba ta bambanta gashin kai da gashin nama da "ga shi" ba, dole mutum ya bi bayanta da gyara, balle idan aya ce ko hadisi ake fassarawa. Masu tace hayaniya irin su Adobe Podcast sun fi ta amfani, ko da yake idan ƙarar janareto ta yi yawa sukan tauye wasu kalmomi.

Sai batun data, wadda ta ƙara tsada bayan Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025. Shirin minti 30 da aka fitar a ma'aunin 128 yana cin kusan megabait 29. A ma'aunin 64 kuwa rabin haka ne, kuma magana zalla tana fita tangaran. Mai sauraro a ƙauye yana jin wannan bambanci a aljihunsa.

Ta fuskar samun kuɗi, tsarin biyan masu shiri da Spotify ya fara a Janairun 2025 ya soma ne da Amurka da Birtaniya da Kanada da Ostireliya. Na YouTube yana aiki a Najeriya, amma rabon kuɗin talla sai tashar ta tara mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 cikin watanni 12.