Yadda Ake Auna Ingancin Furotin

Juya gwangwanin madara, za ka ga an rubuta giram kaza na furotin. To, ba furotin ɗin aka ƙirga kai tsaye ba. Tun 1883 Johan Kjeldahl, ɗan ƙasar Denmak, ya fito da dabarar auna naitrojin da ke cikin abinci, sai a ninka shi, galibi sau 6.25. Wannan kafar wasu marasa imani suka bi a ƙasar Sin a 2008: suka tsinka madara da ruwa, suka zuba mata melamin, sinadarin da ke maƙare da naitrojin. Ma'auni ya ce furotin ya cika. Jarirai kusan 300,000 suka kamu da rashin lafiya, shida suka rasu.

Ko da babu algus, yawa daban, inganci daban. Da amino asid iri 20 jiki ke gina tsoka da jini, tara daga ciki kuwa sai a abinci yake samunsu. In ɗaya ya yi ƙaranci, aiki ya tsaya, kamar telan da yadi ya cika masa shago amma zare ya ƙare.

A 1919 Osborne da Mendel a Amurka suka kafa ma'auninsu a kan ƙananan ɓeraye: a ciyar da su, a auna nauyin da suka ƙara bisa kowane giram na furotin. Sai dai ɓera, saboda gashinsa, ya fi mutum buƙatar amino asid ɗin metiyonin, wanda shi ne ya yi ƙaranci a wake. Haka aka yi shekaru ana danne wa wake haƙƙinsa.

A 1989 hukumomin abinci da lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya suka koma ga ma'aunin PDCAAS, wanda ke gwada abinci da buƙatar ƙaramin yaro, ya kuma cire abin da ya fita a bayan gida. Amma ƙwayoyin bakteriyar babban hanji na cinye wani kaso, a ɗauka jiki ne ya amfana. Shi ya sa a 2013 aka kawo DIAAS, ana ɗibar abincin a ƙarshen ƙaramin hanji, yawanci ta bututun da aka sa wa alade. Madara da ƙwai kan haura maki 100, alkama da masara kuwa na can ƙasa da 75.

Ni abin da ke ci mini rai shi ne kunun yaye. Gero da dawa da masara duk laisin, ɗaya daga cikin amino asid taran nan, ya yi musu kaɗan, ga yaro a tsakiyar girma, uwa tana ta ɗura masa tsinkakken koko, ciki ya cika, jiki bai samu ba. Gyaɗa na ƙara ƙarfi, amma ita ma laisin ɗinta bai taka kara ya karya ba. Wake da waken suya ne ke cike giɓin, sai madara, ƙwai ko garin busasshen kifi. A soya waken suyan sosai kafin a niƙa, domin ɗanyensa na ɗauke da sinadarin da ke hana furotin narkewa a hanji.