Korar koci ba ta ɗora karaya: muhawarar 'yan ƙwallo a majalisun Gyaɗi-Gyaɗi

Daga Court Road zuwa bakin titin Zariya, da wuya a sami teburin mai shayi ko majalisar bayan Isha'i a Gyaɗi-Gyaɗi da ba a zancen ƙwallo. Ranar wasa gidajen kallo kan cika, a tashi da ihu, ragowar musun kuma a ƙarasa shi washegari a shagon tela ko wurin mai cajin waya. Batutuwan ba sa wuce uku: wane koci za a kora, wane ɗan wasa ne ke jinya, kuma ina ƙungiya za ta ƙare a teburi. Masu wannan muhawara sun san ƙwallo ƙwarai, sai dai ma'auninsu biyu ne. Idan ana maganar Turai sukan auna komai a tsanake. Da an juyo kan Kano Pillars, hukunci ɗaya ne ke fitowa: a kori koci.

Ɗauki ɗan Manchester United. Zai gaya maka Alex Ferguson ya karɓi ƙungiyar a 1986, bai ɗaga kofin farko ba sai 1990, bai ci gasar Firimiya ba sai 1993, amma kafin ya ajiye aiki a 2013 ya lashe ta sau 13. Zai lissafo maka Moyes, Van Gaal, Mourinho, Solskjaer da Ten Hag, ya ce duk an gwada su kuma kofin gasar bai dawo ba, don haka ciwon yana sama, wajen masu ƙungiyar da masu sayen 'yan wasa. Ɗan Arsenal zai tuna maka cewa Arteta ya ƙare na takwas sau biyu a jere kuma ba a sallame shi ba. Ɗan Chelsea ne kan kawo hujjar da ta saɓa: a zamanin Abramovich sun canza koci a tsakiyar kaka a 2012 da 2021, kuma duka biyun sun ɗauko kofin Zakarun Turai, ɗaya da Di Matteo, ɗaya da Tuchel. Gaskiya ya faɗa. Abin da yake tsallakewa shi ne, Di Matteo ya tarar da Drogba, Lampard, Terry, Cech da Mikel, mutanen da suka shekara da shekaru suna wasa tare. Koci ya sauya, ginshiƙan suna nan.

Tarihin Pillars, Sai Masu Gida, ma haka ya nuna. An kafa Pillars a 1990, ta ci gasar ƙasa a 2008 a hannun Kadiri Ikhana, ta kuma fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar Zakarun Afirka a 2009 har ta kai wasan kusa da na ƙarshe, inda Heartland ta tsayar da ita. Sannan ta lashe gasa sau uku a jere: 2012 da 2013 tare da Baba Ganaru, 2014 tare da Okey Emordi. Masu son a riƙa canji sukan ce ga shi nan, an sauya mai horarwa kuma ba a fasa cin kofi ba. Amma a duba waɗanda ke cikin fili a shekarun nan: Rabi'u Ali Pele a tsakiya, Gambo Muhammad a gaba, Theophilus Afelokhai a raga. Emordi ya gaji tawagar da kowa ya san inda ɗan'uwansa zai tsaya tun kafin ya ɗaga kai.

Akwai kuma darasin da aka fi saurin mantawa. A wasan ƙarshe na kofin Aiteo na 2018 a Asaba, Pillars na gaba da ci uku da nema, Enugu Rangers ta farke duka, ta kuma ɗauke kofin a bugun fenariti. Da hukuncin majalisa aka bi a daren, da koci Ibrahim Musa Jugunu bai kwana a kujerarsa ba. An bar shi. A 2019 ya koma wasan ƙarshe a Kaduna, ya doke Niger Tornadoes a fenariti, Pillars ta ɗaga wannan kofi karo na farko a tarihinta. Bayan nan ne aka shiga sauye-sauye: Bafaranshe Lionel Soccoia, sai Salisu Yusuf, kuma a 2022 ƙungiyar ta faɗa rukuni na biyu, wanda 'yan Kano ke kira gasar gajiyayyu. Evans Ogenyi ya dawo da ita a 2023, aka miƙa ta ga Abdu Maikaba, kaka ɗaya aka koma wa Usman Abdallah. Kowane sabon koci yakan zo da nasa 'yan wasan, ya sallami na wanda ya gada, a sake gini daga tushe.

Batun jinya shi ne inda bambancin ma'aunin ya fi fitowa fili. Yaron da ke zaune a gidan kallo a Tarauni ya san cewa jijiyar gwiwar Van Dijk ta tsinke a wasan Everton a watan Oktoban 2020, kuma Liverpool mai riƙe da kofi ta yi rashin nasara shida a jere a gidanta a wannan kaka. Ya san irin wannan rauni ne ya kwantar da Rodri a Satumban 2024, Manchester City ta rikice ta ƙare ta uku. Ba wanda ya ce Klopp ko Guardiola sun manta aiki. An fahimci cewa jijiyar da ke riƙe gwiwa idan ta tsinke sai tiyata, sai kuma watanni na gashi da motsa jiki, sau da yawa kakar gaba ɗaya.

Amma idan ɗan wasan Pillars ya ɓace daga fili mako uku, tambayar da ake yi ita ce ko sun ɓata da koci. Ba a cika tambayar ko an yi masa hoton gwiwa, wa ya biya, ko albashinsa na tafiya yayin da yake kwance ba. Alhali ɗan wasan gida yana ɗauke da nauyin da na Turai bai sani ba: tafiyar yini guda a mota daga Kano zuwa Aba ko Fatakwal, filaye masu tauri, da haɗarin hanya. A watan Maris na 2015 'yan fashi suka buɗe wa motar Pillars wuta a hanyar Abuja zuwa Lokoja, tana kan hanyar zuwa Owerri, 'yan wasa biyar suka jikkata, har da Gambo Muhammad. A watan Agustan shekarar Nasarawa United ta zo Kano ta ci biyu da ɗaya, ta karya tarihin shekara 12 na rashin shan kashi a gida. A ƙananan ƙungiyoyin unguwa kuwa, yaro kan yi targaɗe ko gocewar ƙashi a kai shi wurin mai ɗori, ya koma fili kafin ya warke, gwiwar ta tafi ke nan. Ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a maƙwabtan Gyaɗi-Gyaɗi, ga Asibitin Ƙashi na Dala a cikin gari. Ƙwararru ba su yi ƙaranci ba. Tsarin da zai haɗa su da 'yan wasa ne ya kamata a nema.

Su ma magoya baya suna da kaso a makomar ƙungiya. A kakar da Pillars ta faɗi, rikicin da aka yi a wasan Katsina United ya jawo aka kore ta daga filin Sani Abacha, wani rikicin kuma ya sa aka zabtare mata maki uku. A Oktoban 2025, bayan wasan Shooting Stars, an sake cire mata maki uku. Waɗannan maki ba koci ne ya zubar da su ba.

Pillars mallakar gwamnatin jihar Kano ce, da kuɗin jama'a ake tafiyar da ita, don haka mai goyon baya yana da haƙƙin tambaya. Naɗa Ahmed Musa babban manaja a 2025, mutumin da ya ci ƙwallo 18 a kaka ɗaya da rigar ƙungiyar kafin ya ga yadda ake aiki a CSKA Moscow da Leicester, ya ƙara ba da damar a yi tambayoyin da suka dace: shekara nawa ne kwantiragin koci, kuma za a mutunta shi? 'Yan wasa nawa za a riƙe zuwa kaka mai zuwa? Akwai inshorar lafiya ga wanda ya karye? Majalisun Gyaɗi-Gyaɗi su auna ƙungiyar gida da ma'aunin da suke auna Arsenal da Liverpool, kuma duk wanda ya ce a kori koci, a tambaye shi wa zai zo da abin da zai tarar.