Daga Sahuda Zuwa Gashaka-Gumti

Matafiyin da ya taso daga Sahuda, can bakin iyakar Kamaru a yankin Mubi, doguwar hanya ce a gabansa kafin ya kai gandun dajin Gashaka-Gumti. Sai ya bi ta Hong da Gombi da Song zuwa Yola, sannan ya miƙa Jada da Ganye har Toungo, ɓangaren arewa na dajin.

An kafa gandun a 1991, kuma shi ne mafi girma a Najeriya, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000 tsakanin Adamawa da Taraba. A cikinsa dutsen Chappal Waddi yake, mai tsawon mita 2,419, wanda ya ɗara kowane dutse a ƙasar. Akwai ɓauna, da dorina a kogin Kam, da birin cimfanzi a kurmin kudu.

Tafiyar ta rani ce, don da damina koguna kan cika su datse hanya. Mai son kwana a daji yakan nemi izini da ɗan rakiya daga jami'an gandun, hedikwatarsu tana Serti. Guzurinsa tanti ne, da gidan sauro, da tocila, da garin kwaki, da bargo, domin sanyin kan tsauni da asuba har ƙashi yake ratsawa.