Yadda ake cike hujin tsatsa a jikin mota ba tare da walda ba

Tsatsa ba ta yin sallama idan za ta shiga mota. Takan fara ne da 'yan ƙuraje a ƙarƙashin fenti, galibi a gindin ƙofa, ko bakin madigadi, ko ƙasan but. Kafin mai mota ya ankara, wurin ya ɓurme ya zama huji. Ga ma'aikacin da ya tara albashi ya sayi mota, ko ɗan kasuwar da ke dakon kaya da ita, wannan huji asara ce, domin yana karya darajar mota a ranar sayarwa, kuma kullum ƙara faɗi yake yi.

Tsatsa na samuwa ne idan ƙarfe ya haɗu da ruwa da iska, gishiri kuma yana ƙara mata sauri. Shi ya sa wasu motocin gwanjo da ake shigowa da su daga Kanada da arewacin Amurka ke zuwa da ita a ɓoye, domin a can ana watsa gishiri a kan tituna lokacin sanyi don narkar da ƙanƙara. A nan gida kuwa, ƙurar hunturu kan toshe 'yan hujojin da ke ƙasan ƙofa, waɗanda aka yi su don ruwa ya riƙa fita. Idan damina ta sauka, sai ruwa ya kwanta a ciki ya ci ƙarfen daga baya. Saboda haka abin da ido ke gani a waje kaɗan ne daga ɓarnar da ke ciki.

Me ya sa ake guje wa walda?

Ƙarfen jikin motocin zamani bai cika kai milimita 1 a kauri ba. Zafin walda kan lanƙwasa shi, ya kuma ƙone fenti da rufin kariya da ke bayansa, sai tsatsa ta dawo daidai inda aka yi gyaran. Akwai kuma haɗarin gobara idan wurin na kusa da tankin mai, ko wayoyin lantarki, ko soson kujera. Don haka idan hujin ƙarami ne, kuma yana wurin da ba ya ɗaukar nauyi, ana iya cike shi ba tare da an kunna wuta ba.

Matakan gyaran

Mataki na farko shi ne gano iyakar ɓarnar. Ana danna gefen hujin da sukundireba, duk inda ya lotsa to ya ruɓe. Sai a kankare fenti da injin gurza ko samfefa mai kaushi, lamba 80, har a wuce hujin da kamar santimita 5 ta kowane gefe, ƙarfe mai ƙyalli ya bayyana. Duk ɓangaren da ya ruɓe a yanke shi a yar. A nan ne gyara ke kyau ko ya lalace, domin tsatsar da aka rufe da fenti ba ta mutu ba, cin ƙarfe take ci gaba da yi a ɓoye.

Bayan haka sai a shafa maganin tsatsa ciki da waje. Yawancin irinsa na ɗauke da sinadarin fosforik asid, wanda ke mayar da ragowar tsatsa baƙar fata mai tauri. Idan ya bushe, a ɗan bubbuga bakin hujin da guduma ya shiga ciki kaɗan, don abin da za a cika ya sami wurin zama.

Daga nan sai a yi wa hujin madogara ta baya. Ana yanko ragar alminiyam ko ƙyallen fayiba gilas wanda ya ɗan fi hujin girma, a jiƙa ƙyallen da ruwan gam ɗinsa da aka gauraya da sinadarin daskarewa, a manna shi falle biyu ko uku. Idan hujin ya kai tafin hannu, ya fi kyau a yanko sabon ƙarfe a liƙa shi da gam mai ƙarfi na jikin mota, wanda ke zuwa gida biyu ana haɗawa, ko a kama shi da ribiti.

Sai cikawa. Shafin farko ya zama na fila mai gashin fayiba, domin ba ta shan ruwa. Fila ta gama-gari tana ɗauke da hoda mai tsotsar laima, don haka aikinta daidaita sama ne kawai, kuma bai kamata kaurinta ya wuce milimita 6 ba. Sinadarin daskarewa kamar kashi 2 cikin 100 ake sawa. A zafin bazara fila kan daskare cikin 'yan mintoci, don haka a riƙa kwaɓa kaɗan-kaɗan a inuwa, a kan faranti mai tsabta.

Idan ta bushe, a goge da samfefa lamba 80, sannan 180, sannan 320, har tafin hannu ya daina jin tudu ko kwari. Sai a fesa fentin share fage da ake kira firaima, kafin fentin launi. Matakin da aka fi mantawa da shi shi ne bayan ƙarfen. Dole a rufe shi da fenti ko maganin hana tsatsa, a kuma buɗe hujojin fitar ruwa. Mai aikin ya sa takunkumi da safar hannu da tabarau, a wuri mai iska, domin ƙurar fayiba da warin gam suna cutar da huhu.

Inda walda ta zama dole

Fila ba ta ɗaukar nauyi. Idan tsatsa ta kama shasi, ko dokin ƙofa na ƙasa, ko ginshiƙan da ke riƙe rufi, ko mazaunin shokozoba, ko inda aka ɗaure bel ɗin kujera, babu makawa sai a yanke a yi walda da sabon ƙarfe. Waɗannan su ne sassan da ke kare rai a lokacin haɗari, kuma araha ba ta ado. Hujin da ke daɓen mota ma ba abin wasa ba ne, domin hayaƙin salansa mai guba kan iya shigowa ta nan.

Ga mai shirin sayen mota, ƙaramin maganaɗisu ya isa ya tona asiri. Idan aka ɗora shi a jikin ƙarfe bai kama ba, akwai alamar fila mai kauri a wurin, sai dai idan ɓangaren na alminiyam ne ko roba. Mai kai gyara kuwa ya nemi a nuna masa ƙarfen bayan an kankare, kafin a shafa komai. Fanel bitan da ya san aikinsa ba zai ƙi ba.